Tukunya Mai Jan Zare

Wata mata ta shigo ɗibar garwashi a gidan wata tsohuwar da ke soya ƙuli-ƙuli a Kusada, sai ta hangi hannun ɗiyarta dumu-dumu cikin akushi. Kasko ya suɓuce mata.

"Tofar! Tofar da shi!"

Ta cusa yatsa a bakin yarinyar, tana duba leɓɓa, tana sauraren numfashi. Bara, loma ɗaya ta miyar gyaɗa ta kumbura mata fuska har idanu suka shige, maƙogwaro na ƙara kamar busar fito. Malamin asibitin Kankiya ya ce magani ɗaya ne, a raba ta da gyaɗa. A garin da gyaɗa ke cika motocin Kano! Tun ranar uwar take mayar da kwanon abincin kowa a rufe, ta kuma san ana cewa zargin sammu take wa maƙwabta.

"Sake ta ta ci," in ji tsohuwar. "Man shanu ne. Da toka na wanke hannu."

"Tukunyar fa, Iya? Ludayin fa?"

Tsohuwar ta yi nuni da haɓa. Can nesa da turmin ƙuli, ga wata 'yar tukunya da ludayinta, an ɗaura mata jan zare a wuya.

Uwar ta durƙusa tana jiran kumburi. Inuwa ta gusa, fuskar yarinya ba ta canza ba.

Yarinyar ta lashe yatsa.

"Inna, ai kowane gida akwai tukunyata. Cewa suka yi kar in faɗa miki, za ki hana ni."