Rigar Ango da Baƙin Allo

Ga misali ga duk mai cewa gyara ba ya ɓarna. An yi wani tela a bakin kasuwa, yana da keken surfani irin wanda kwamfuta ke tuƙawa. Kwamfutar tsohuwa ce, kuma tsari biyu ne a cikinta: akwai sabo, akwai wani tsoho wanda shi kaɗai ke iya sarrafa keken. Kullum in ya kunna ta sai baƙin allo ya fito da suna biyu, ya tsaya yana jiransa, shi kuma ya zaɓi na ƙasa, keke ya kama aiki. Shekara da shekaru haka suke, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Abu ɗaya ke ci masa rai, maƙwabcinsa mai shagon hoto da kan leƙo ya ce, "Maigida, har yanzu tsohuwar taka sai an kama mata hannu take tashi?" Ran nan wani mai gyaran kwamfuta ya zo karɓar ɗinki, ya ji ana wannan tsiya, ya ce ai abin bai kai ya kawo ba. A lokacin keke na tsaka da ƙirjin wata babbar riga, farar shadda ta wani ango da za a ɗaura wa aure washegari bayan sallar Juma'a. Mai gyara ya ja kujera, ya buɗe tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Akwai ɗan wuri a jikin kwamfuta inda take ajiye jerin hanyoyin da za ta bi in an kunna ta. Ya kira jerin, ya ga suna biyu. Bai tambayi tela amfanin na ƙasan ba. Bai kwafi jerin ya ajiye ba. Ya goge sunan, ya cire jiran gaba ɗaya. Ko ɗan koyo ya san bayan irin wannan aiki sai an kashe an kunna a gaban mai abu. To amma ba a kashe kwamfuta allura na tafiya, shi kuma mota yake sauri ya kama. Ya miƙe ya ce, "Gobe in ka kunna, sai ka sa mini albarka."

Irin wannan ɓarna kwanciya take yi, ba ta nuna kanta sai an sake kunnawa. Da la'asar aka ɗauke wuta, allura ta tsaya cak a cikin shadda. Tela ya tayar da janareta, ya danna kwamfuta, ya ɗora yatsa yana jiran baƙin allonsa. Bai fito ba. Ta wuce sumul zuwa sabon tsari, allo ya yi haske gwanin kyau, keke kuwa ko motsi. Ya kashe, ya kunna. Ya sake. Tsohon tsarin yana nan a ciki da zanen rigar duka, hanyar zuwa gare shi ce aka share, kamar mutum ya dawo unguwa ya tarar an toshe lungun gidansa. Ya dubi rigar: ɓarin dama ya cika da zare, na hagu fili fetal. In ya kwance ta daga ƙarfen da ya ɗame ta, zanen ba zai ƙara haɗuwa ba. In ya warware, hujin allura ya riga ya ci shadda. Ya yi ta kiran mai gyara, waya a kashe. Da ƙyar ya same shi bayan magariba, yana can wani gari, ya ce, "Haba, layi ɗaya ne fa! Bari in dawo jibi." Jibi! Da hantsin Juma'a ango ya iso da abokinsa, ya tsaya a gaban keke ya dubi rigar, sannan ya ce, "Baba tela, da wannan zan shiga mutane?" Da rigar aro aka ɗaura auren nan, kuma kafin a sauko daga masallaci kasuwa duk ta ji wai tela ne ya jawo.

Mai gyara ya dawo, ya rubuta layinsa ɗaya, keke ya tashi, shi kuma har yana dariya. Ko haƙuri bai bayar ba. Wannan ba gyara ba ne, kuma bai isa ba. A bainar kasuwa sunan tela ya zube, don haka a bainar kasuwa ya wajaba mai gyara ya tsaya ya ce shi ya yi. Tela ma ya san nasa rabon, don shi ya matsa ya ba da kujera saboda tsiyar maƙwabci. Hausawa sun gama magana da suka ce, garin neman gira a rasa ido.