Jan Lalle a Makunni

"Yau ma ɗanye!" Hajiya, surukar Latifa, ta ture kwanon oats. "Wace irin mace ce za ta bar tukunya ta yi mata girki, ita tana barci?"

"Irina, Hajiya," in ji Latifa. "Train ɗin Birmingham shida da kwata yake tashi, kuma ba zan ajiye aikina saboda kunu ba."

Mijinta Muhsin ya sa baki da taushin murya. "Ba laifinta ba ne, Hajiya, slow cooker ɗin ce ta lalace. Latifa, ko dai ki ɗan huta da aikin nan?"

Tukunyar lantarkin kuwa lafiyarta ƙalau. Kwana uku ke nan Latifa tana zuba oats da madara da kirfa bayan isha'i, ta kunna, da asuba ta tarar an kashe makunnin bango.

Ta durƙusa gaban Hajiya, zuciyarta na tafasa. "Jiya na shafa wa makunnin jan lalle. Don Allah mu ga hannunki."

Hajiya ta miƙa duka biyun. Tas suke.

Kunya ta rufe Latifa. Ta miƙe za ta ɗauki jakarta, sai ta ga Hajiya ta ƙura wa ɗanta ido. Yana kurɓar shayi, hannunsa na dama yana cikin aljihu.

"Kai," in ji Hajiya, "yaushe ka fara sha da hagu? Fito da hannun nan."