Fangalin da Aka Buɗe wa Ruwa

Zauna, Barira, ki ajiye kwamfutar nan tukuna. Kin ce direban da kika rubuta, wato 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da katin sadarwa, yana aiki lafiya kwana uku, a na huɗu sai bayanan mutane su hargitse, har an ba ki mako guda ki gyara ko a karɓe aikin. Na duba, na kuma ga inda gizo ke saƙar. Amma kin san halina tun kina ajina, ba na nuna layin da kuskure yake a rubutun manhaja sai na ba da misali, shi ya sa kuke ce mini Malam Dogon Zance a bayan idona.

A fadamar garinmu, kafin injin ban-ruwa ya zo ya cika wa mutane kunne, da jigo ake shayar da lambu. Wallahi ina kewar kukan icen nan da safe, da ƙamshin ƙasa in ruwa ya taɓa ta. Mai jigo yana can ƙasa a bakin kogi, ba ya ganin lambun. Mai lambu ne zai buɗe bakin fangali, wato 'yar gonar da aka kewaye da kunya, ya ce masa guga kaza, shi kuwa ya yi ta ɗebowa yana zubawa a magudana. Doka ɗaya ce tsakaninsu, kowa ya san ta: fangalin da aka buɗe na ruwa ne, ba na mai lambu ba, har sai mai jigo ya kifa gugansa a kan gwafa inda za a hango. Sannan a toshe bakin da laka, wuri ya koma hannun mai shi. To, akwai wani manomi mai irin albasa da ya gada daga mahaifinsa, jajaye masu tauri, waɗanda ke kaiwa damina ba su ruɓe ba. Duk fadamar shi kaɗai ya rage da wannan iri. Wata safiya ya share wani fangali fes, ya buɗe bakinsa, ya ce wa tsohon da ke masa jigo ya zuba guga arba'in. Ya jira har rana ta kusa tsaka, ruwa bai zo ba. Ashe igiya ce ta tsinke, tsoho ya zauna yana ƙulla ta a inda ba a hango shi. Manomin ya ga magudana a bushe, ga rana ta buɗe, ga wuri a share kamar faranti, ga irin albasarsa na bukatar shanya. Daga nan zuwa bakin kogi taku ɗari ne bai cika ba, amma ya ga asarar lokaci ce. Ya ɗaga hannu sama ya kaɗa, wai alamar a bari, bai tsaya ganin ko an gani ba. Bai dubi gwafa ba, bai toshe baki ba. Ya baje irinsa duka a wurin, ya tafi sallar azahar.

Tsoho ya gama ƙulli, ya yi bisimilla, ya zuba guga arba'in cif, kamar yadda aka ce masa. Irin albasa kuwa kin san shi, baƙi ne, ƙanana, ba nauyi. Ruwa ya ɗauke shi ya haura kunya, ya bi rami ya koma kogi. Da manomin ya dawo ya tarar ruwa ya wanke fangalin, ba ko ƙwayar iri ɗaya. Ya gangara da faɗa a bakinsa, sai tsohon ya nuna masa gugan da ke hannunsa, ya ce, "Ka ga na kifa shi?" Nan faɗan ya mutu. Shekara bakwai yana roƙon iri gari gari yana gwadawa, bai sake samun irin na mahaifinsa ba. Ni ma da na ci albasar nan a tuwon gidanmu, har yau ban ƙara jin ɗanɗanonta ba, kuma abin yana damuna fiye da yadda ya kamata ya dami tsoho.

Katin sadarwa shi ne tsohon nan, Barira. Ba ya ganin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ya kuma neman izini. Adireshin da kika ba shi nan zai zuba bayanai kai tsaye, ko me ya tarar a wurin. Saboda haka wurin da za ki ba shi ki keɓe shi da sunansa, ki tabbata zai ɗauki abin da ke zuwa ba tare da ya haura kunya ba. Ke kuwa kin jira shi, ya yi shiru, sai kika aika masa ya tsaya, a layi na gaba kika saki wurin ba ki ji amsarsa ba. Kwamfuta ta miƙa wurin ga wata manhaja ta shanya kayanta, ruwa kuma yana hanya. A zamaninmu, da ƙwaƙwalwar ba ta fi cikin cokali ba, muna jira sai kati ya ce ya gama, mu toshe baki, sannan mu saki. Ku kuna ganin jiran nan ƙauyanci ne. Ki koma ki sa direbanki ya dubi gwafa. Taku ɗari manomin ya ƙi yi, ya yi tafiyar shekara bakwai, shi ya sa Hausawa suka ce sauri kan haifi nawa.