Iyali Mai Lamba Sittin da Uku

Ciyaman ɗin kwamitin birni ya rufe rahoton a shafi na uku, ya ɗora tabaransa a kai.

"Shugaba, mun ƙoshi da alƙaluma. Ki kawo mana iyali guda, mai rai da numfashi, wanda shirin nan naki ya canza. Ran Litinin. In babu, cibiyoyinki sha biyu za su koma shaguna."

Shekara shida ke nan tana riƙe da shirin karatun ƙananan yara na birnin. Ita ta tsara shi tun daga take har launin kujeru: uwa ta zo cibiya da ɗanta sau biyu a mako, a auna yaro, a tambayi lafiyar gida, a ba su littafi mai hotuna, su je su yi karatun minti ashirin kullum. Ita ma uwa ce, kamar yadda take tuna wa jama'a a farkon kowane jawabi. Teburinta dai babu hoton kowa. Ba ta haɗa gida da aiki.

Ƙa'idoji biyu take tinƙaho da su. Ta farko, fayil ba ya ɗaukar suna, lamba kawai, don kada a ce an fifita 'yar wane. Ta biyu ta biyo bayan shekarar da aka gano wasu mata suna aron 'ya'yan maƙwabta don karɓar jakar kyauta. Tun daga nan ba a tambayar babba komai. Mai rajista za ta durƙusa gaban yaro ta ce, "Ina mamarka?" Wadda ya nuna, ita ce uwa. Takarda tana ƙarya, in ji Shugaba, amma yatsan yaro ba ya yi.

Kwana uku ta yi a cikin fayiloli. Yawancinsu labari ɗaya ne: an zo makon farko, an karɓi jaka, an shafa wa ido toka, ba a sake dawowa ba. Wata ta amsa cewa littafin ya yi amfani ƙwarai wajen fifita wuta. Wani uba ya aiko a tambaya ko ana canza littafin da sabulu.

Da yammacin Alhamis ta buɗe lamba sittin da uku.

Yarinya, shekara huɗu. Wata goma sha ɗaya ba fashi ko ɗaya, har ranar da ruwa ya cinye titin cibiyar. Uwa ba ta taɓa shiga aji ba. Tare suke koyon baƙaƙen, 'yar tana gyara wa uwar. Da farko yarinyar ba ta magana da kowa, yanzu sai an roƙe ta ta yi shiru.

Ta sa aka kira mata mai rajistar cibiyar, wata dattijuwa da ba ta gaggawa a kan komai.

"Da gaske ne wannan, ko ke ma kin fara rubuta tatsuniya?"

"Ranki ya daɗe, in na ƙara ko wasali Allah ya tambaye ni. Matar ma kunya ce da ita. Ranar rajista har ta so ta yi mini gardama, na ce baiwar Allah, yarinya ta riga ta nuna, ƙa'ida ƙa'ida ce."

"Uban fa?"

"Yana wani gari, wai aiki."

"Duk haka suke. A gayyato su ran Litinin."

Asabar da Lahadi a ofis ta yi su, tana gyaran jawabi. Sau huɗu aka kira ta daga gida, sau huɗu ta katse, ta tura saƙo: ina miting. Abin da ya fi ƙarfin gida ai ba ya tsayawa a kira huɗu.

Ran Litinin zauren ya cika. Ta hau mumbari, ta fuskanci kwamitin, ta ba ƙofa baya. Ta ji an shigo da su, an zaunar da su a kujerun bayanta, ba ta waiga ba. Mai jawabi ba ya raba ido da masu yanke hukunci. Wannan ma ita ta koya wa ma'aikatanta.

"Matar nan ba ta da digiri," in ji ta. "Ba ta da mota. Minti ashirin kawai ta bayar. Uwar da ta rasa minti ashirin a yini, sai ta binciki kanta."

Aka tafa. Aka miƙa wa yarinyar makirufo. Wata siririyar murya da Shugaba ba ta sani ba ta karanta shafi guda, tana tsayawa a kowace aya kamar mai tsallaka titi. Inda ta yi tuntuɓe, wata babbar murya ta raɗa mata kalmar, ta wuce.

Ciyaman ya share ido da gefen hannun rigarsa.

"Cibiyoyinki sun tsira, Shugaba. Juya ki ba uwar nan lambar yabonta da hannunki."

Ta juya da murmushin da ta tanada. Mai renon gidanta ce a zaune, ta sunkuyar da kai. A cinyarta kuma, 'yar da Shugaba ta haifa da cikinta ta ɗago, ta ja mayafin matar, makirufon yana bakinta, ta ce, "Mama, ga antin nan da take kwana a gidanmu."