Direban da Ya Yanke Kiɗansa

Kai da ba ka jin daɗin abu sai ka ga kowa ya yaba shi tare da kai, saurari misalin wani direban tirela mai jigila tsakanin Damagaram da Agadas. Wata rana ya rage wa wani matafiyi hanya, da za su rabu mutumin ya tura masa kiɗa guda ɗaya a memorin wayarsa. Kiɗan jita ne mai lantarki, irin na Turawa, minti ashirin da biyu, kuma daga farko har ƙarshe ba wanda ya buɗe baki a ciki. Da tsirkiya ɗaya yake farawa, a taɓa ta a bari, kamar ɗigon indararo bayan an ɗauke ruwa. Sai an yi minti shida ganga take shigowa, ita ma ba da gaggawa ba. Daga nan abin ya dinga hawa kamar mota mai lodi a kan tudu, giya bayan giya, har minti na sha bakwai, inda jitar take tsagewa da wani irin kuka mai sa tsigar jikinsa tashi. Shekara biyu yana jin sa a hanyar da sai ka yi awa guda ba ka ga inuwa ba, bai taɓa gundurar sa ba.

Abin da ya hana shi sakat shi ne aminansa biyu, wani mahauci da wani tela, waɗanda yake zama da su a ƙofar shagon telan bayan la'asar duk ran da ya sauka gida. So yake lallai su ji abin da yake ji. Ranar farko da ya kunna musu, ba a yi minti huɗu ba mahaucin ya ce, "Wai direba, har yanzu gyaran tsirkiya mutumin nan yake yi? Yaushe za a fara?" Shi da kalangu ya tashi, kalangu kuwa magana yake yi, yana kiran mutum da taken gidansu. Don haka da ganga ta shigo sai ya karkata kunne ya tambaya taken wa ake yi. Da aka ce ba na kowa ba ne, ya koma kan goronsa. Shi kuwa tela mai haddar baituka ne, a wurinsa kiɗa kwano ne kawai, waƙa ce abincin. Ya ce, "Mun ga akushi, ina tuwon?" ya ci gaba da taka kekensa. Sau biyar direba yana gwadawa, ba su taɓa kaiwa minti na goma ba: ko mai awon riga ya shigo, ko gardamar kokawa ta ɓarke, ko mahauci ya fara gyangyaɗi. Ya yi bayani har muryarsa ta dushe, ya ce su yi haƙuri, daɗin yana gaba. Abin da ya samu kawai shi ne sabon suna, suka koma kiran sa Sarkin Gyaran Tsirkiya, har matan gidajensu suka ɗauka.

Takaici ya ishe shi. Ya yi ta saƙawa yana kwancewa, ya tsaya a kan cewa tsawon kiɗan ne ya ja masa. Sai ya tafi bakin tasha wurin mai tura waƙoƙi a waya, ya miƙa memorin ya ce, "Daga minti na sha bakwai zuwa ashirin nake so, cire min sauran." Mutumin ya cire. Direba bai ko tsaya saurara ba, ya nufi shagon tela, ya ƙure ƙarar waya ya ajiye ta a tsakiyarsu, ya naɗe hannu. Jita ta tsage da kuka. Tela ya zabura har allura ta kusa ɗinke masa yatsa. Mahauci ya toshe kunnuwa ya ce, "Subhanallahi! Shekara talatin ina yanka, ban taɓa sa dabba ta yi irin wannan kukan ba." Shi kansa direba tsigar jikinsa ba ta motsa ba. Ƙara kawai ya ji, kamar birki ya cinye. A nan ya gane ashe ba kukan ne daɗin ba, hawan ne. Wanda bai biyo tudun tun daga gindi ba, in ka ɗauke shi ka dire a ƙololuwa, iska kawai zai sha.

Ya koma tasha da sauri ya ce a mayar masa da cikakken. Mai shago ya dube shi ya ce, "Maigida, ai cewa ka yi in cire. Na cire." Bai ajiye wani ba. Ya ce a faɗa masa sunan kiɗan ko na makaɗin ya nemo, direba bai san ko ɗaya ba, ko sunan matafiyin ma bai tambaya ba. Haka ya tsaya a bakin tasha, ƙato da furfura, yana kwaikwayon jita da baki, mai shago yana girgiza kai, 'yan kamasho suna dariya.

Aminansa suna nan da kunnuwan da suka tashi da su, ba abin da ya ragu gare su. Shi ne yanzu yake ratsa hanyar Agadas da minti uku na kururuwa, sauran tafiyar sai ƙugin inji. Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman gira an rasa ido.