Sawun Tsintsiya

Tun da aka kafa dokar, wanda ambaliya ta rushe wa gida ba ya taɓa kangonsa sai na'urar gwamnati mai tashi sama ta zo ta gani, sannan a ba shi tallafi.

Kwana sha ɗaya Tabawa tana gadin nata kangon. Maƙwabta suka zo gayya da fartanya, ta tare su.

"Malam Ɗanjuma, don Allah ku koma."

"Haba Tabawa, warin nan fa?"

"Mushen awakina ne. Ku bar su."

Da la'asar na'urar ta iso, ta yi shawagi, ta ce cikin murya mai daɗi, "An ga sawun tsintsiya. Wannan gida ya fara farfaɗowa, ba ya buƙatar tallafi."

Tabawa ta dubi ɗan wurin da ta share. Daidai faɗin sallayarta ne.