Kar Ki Hwaɗa Ma Innarki

Ina 'yar shekara bakwai Baba ya ɗauko ni daga lakwal, makarantarmu ta boko a Filinge, ya ɗora ni kan ƙarfen kekensa, gemunsa yana gogar kaina. Muna gefen kwalta wata babbar mota ta matse mu har muka zube cikin rairayi. Direban bai tsaya ba.

Baba ya cire hularsa yana share mini fuska, jini na bin ƙafarsa.

"Ɗiyata, kar ki hwaɗa ma innarki," in ji shi. "Hana mu hawa za ta yi."

Na ɓoye wa Inna. Bayan girbi wata motar ta buge shi nan wurin, bai tashi ba. Inna ta tsufa yanzu, har yau na kasa gaya mata.